Alkawarin Rufi Kafin Ruwan Fari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Wannan takarda ta fito daga hannun Gwani Buhari magini, ɗan Gwani Sambo magini, na shiyar magina kusa da Hubbare, cikin birnin Sakkwato, zuwa ga babban ɗansa, mai sunan Baba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da roƙon Allah shi kai ka inda anka aike ka lafiya, shi tsare ka daga sharrin hanya da sharrin gulbi da sharrin bakin mutane, shi maido ka gidan ubanka da mutuncinka cikakke. Amin.

Bayan haka, ka sani da hannuna na rubuta wannan, ban sa magatakarda ko malamin ofis ba. Kakanka ya gina masallatai da soraye har ya koma ga Allah bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Ni ma na yi furfura ban sani ba, sai bara da anka ce manyan ma'aikata su riƙa zama bayan la'asar ana koya musu. Da yawa cikin abokan zamana sun zame, sun ce hannun da ya saba da ƙasa ba ya riƙe alƙalami. Ni na zauna har na iya. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, bangona ya fi layina miƙewa.

Kai ne ɗan fari. Tun ranar sunanka ban kira sunanka ba, ban kuma zaunar da kai gabana mun yi doguwar magana ba. Haka munka taras ana yi, haka ubana ya yi da yayana. Abin da ka koya na gini wurin baffanninka ka koya, ni ina kallo daga nesa. To, ga shi Allah ya kawo hanyar da uba zai yi wa ɗansa magana ba tare da ya ɗaga ido ya dube shi ba. Zan bi ta, domin maganar da ke raina ba ta aike ba ce.

Ina tsaye a farfajiyar ofishin ayyuka ranar da anka kira ka. Ga Wakili, shugaban ofishin, zaune, ga Baturen nan da muke kira Mai Igiya don ba ya rabuwa da igiyar awo, a gabansa kuwa Zaki ake ce masa, ga tafinta tsakaninsu. Anka ce an ba ka ginin ɗakin shan magani a garin wani uban ƙasa, can ƙetaren Rima, soro babba mai bakan gizo. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Cikin 'ya'yan magina duka kai anka zaɓa, kuma kowa ya san don gidan da ka fito ne. Sai tafinta ya ce, "Zaki na tambaya, yaushe za a rufe ɗakin?" Ka sunkuyar da kai ka ce, "Kafin ruwan fari, in Allah ya so." Bature ya rubuta. Wakili ya yi murmushi ya ce, "Ɗan Gwani ke nan." Mutane sunka waiwayo suna dubana don su taya ni murna. Ban tanka ba, domin uba ba ya ƙaryata ɗansa a cikin taro.

Ɗana, ba za ka rufe ɗakin nan kafin ruwan fari ba. Shamuwa ta riga ta sauka kan tsamiyar bakin Hubbare, na gan ta, kai ma ka gan ta. Da yamma gabas ta fara haɗa hadari tana watsewa. Ko tubali ɗaya ba a yi maka ba. Ban zarge ka ba, domin bakin da ka yi wannan magana da shi nawa ne ka gada.

Ka fahimci wani abu da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane. Turawa suna da shekara tasu ta ofis, wadda ke kamawa a tsakiyar bazara, kuma sai ta kama ake ba da izinin sabon aiki. Shekarar magini kuwa tana kamawa bayan an kai amfanin gona gida, ta ƙare da zuwan shamuwa. Wato lokacin da suke buɗe aiki shi ne lokacin da muke naɗe namu. Su ba su sani ba, don ba wanda ya gaya musu. Mu mun sani, amma an tarbiyyantar da mu a kan cewa babba ba a ce masa a'a, sai a ce to. Ana yawan tambaya me ke sa gine-ginen zamanin nan ba sa ƙarewa, wasu su ce ragwancin leburori, wasu su ce rashin kaya. Ni da na tsufa cikin aikin ina gaya maka, rabin jinkirin daga wannan to ɗin yake fitowa. Bari in ba ka labarin nawa, ɗaya bayan ɗaya, yadda sunka faru.

Aikin farko da anka ba ni ni kaɗai bariki ne na saukar baƙi, a wani ƙauye kan hanyar kudu. Irin wannan lokaci ne na shekara. Hakimin ƙauyen ya ba ni mutane, aiki ya kama da kyau, ina tafiya ina jin kaina kamar ni na gina ganuwar birni. Wata rana da la'asar ruwa ya sauko. Da safe na fito wurin aiki ban iske kowa ba, sai kwanduna a kife. Na bi bayan gari na taras da wani dattijo cikin mutanena yana sara da sungumi, matansa na binsa suna zuba iri.

Na ce, "Baba, ina mutane?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Suna inda Allah ya sauke ruwa, Gwani."

Na ce, "Aikin Bature fa?"

Ya ce, "Baturen na da gero a gidanai? Shi aiko muna, mu zo mu taka mai ƙasa har kaka. Kai ɗan birni na, Gwani, a kasuwa kake ganin hatsi."

Matan sunka yi dariya, abin ya ƙona ni. Na tafi wurin hakimi na ɗaga murya, anka koro mutane daga gonakinsu. Sun zo, amma ƙafafunsu kaɗai sunka zo da su. Ka san ƙasar gini sai an jiƙa ta, an tattake ta da ciyawa, an bar ta ta ruɓa, an sake tattakewa. Su sau ɗaya sunka bi ta kai sunka ce ta yi. Tubalin da anka yi da ita yana marmashewa a hannu. Kowace safiya sai a rasa wasu, a je a koro su, a rasa waɗansu. A ƙarshe dole na jira kaka kamar yadda dattijon ya faɗa, na rushe abin da anka yi na sake. Ban ci ribar komai ba sai ƙiyayya, har matan garin sunka daina sayar mini da fura. Saboda haka ka sani, mutanen da za a ba ka ba leburori ba ne, manoma ne da anka ara. Ranar da ruwa ya sauka ka sallame su da bakinka tun ba su gudu ba, ka yi musu addu'ar damina mai albarka. Wanda ka sallama da daɗi zai dawo maka da kaka da kansa.

Na biyu ruwa ne. A wani aikin na auna fili, na kafa turaku, na tara ƙasa tudu guda, ban leƙa rijiyar garin ba. Da bazara rijiyar ƙauye ba ta da abin da ya wuce na sha. Da jakunana sunka fara jido, sai na iske matan garin sun kewaye bakin rijiya sun zauna. Babbarsu, wata tsohuwa mai suna Inna Kulu, ta ce, "Ɗan nan, ƙasa za ka shayar? Mu mu sha mi?" Na ce aikin hukuma ne. Ta ce, "To hukumar ta zo ta ɗaga ni." Ba wanda ya iya ɗaga ta, hakimi ma ya ce goggonsa ce. Sai daga fadama mai nisa munka riƙa kawo ruwa, abin da jaki zai yini yana kawowa ba ya kwaɓa abin kirki, magina suna zaune a inuwa suna jira. In ka sauka garin nan, kafin ka kwance igiyar awo ka jefa guga a rijiya ka ji zurfinta, ka kuma gai da matan da ke bakinta.

Haka azara. Na taɓa dogara ga maganar dillali, ya ce tana hanya, kullum tana hanya, bango ya kai inda za a ɗora ta ba ta zo ba. Da ta iso sai na ga ta macen giginya ce, mai taushin ciki, ba ta namiji ba. Na san gara za ta ci ta, amma lokaci ya ƙure, na karɓa, gara kuwa ta ci. Kada ka haƙa tushe sai ka ga azararka a ƙasa gabanka, ka ƙwanƙwasa kowace ɗaya da hannunka. Na tambaya a kan taka. Ba a ko sare ta ba, kuma daga kudu za ta fito, sai ta ƙetare Rima. In gulbi ya kawo, ka san ba raƙumin da zai shiga da ita.

Yanzu na zo ga wanda ya fi su nauyi. Ka karanta shi a natse.

An ba ni ginin ɗakin shari'a a garin wani uban ƙasa, ina da ƙarfina, sunana ya fara fita. Mun fara a kan kari, bayan girbi, ga mutane, ga ruwa, ga azara mai kyau. Ba abin da zai hana mu gamawa. Joji, Baturen mulki, ya zo rangadi ya ce ƙofa ta dubi hanya, wato yamma, na ce to. Bayan ya wuce uban ƙasa ya zo da jama'arsa, ya tsaya ya duba, ya ce, "Gwani, alƙalina zai ba gidana baya? Ƙofa ta dubi kudu." Na ce, "An gama, ranka shi daɗe." Munka toshe, munka fasa. Ka san Turawa ba sa daɗewa wuri ɗaya. Anka canza Joji, sabon ya zo da takardar zane ya ce ba haka anka zana ba, a maida ƙofa yamma, a kuma ƙara tagogi manya don iska. Na ce to. Uban ƙasa ya dawo ya ga tagogi ya ce shari'ar aure ba a yin ta kasuwa na leƙe, a rage su. Na ce an gama. Har wani cikin masu miƙa tubali, mai barkwanci, ya ce, "Gwani, mu bar shi ba bango mana, kowa ya zo shi shiga ta inda ransa ke so." Kowa ya yi dariya, har ni. Da na san abin da ke gaba da ban yi ba.

Laifina a nan shi ne ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Ina tsoron in gaya wa wannan abin da wancan ya ce, kada a ce magini yana haɗa manya. Kai kada ka yi haka. Ranar da za a kafa turaku ka roƙi duk mai iko a kan ginin shi zo, ko shi aiko wakilinsa. Ka zana ɗakin a ƙasa da toka, ƙofa da taga da komai, su shiga su fita ta cikin zanen, su yi gardamarsu a kan toka. Toka da ƙafa ake share ta.

Wannan fasa da toshe shi ya cinye mana rani. Muna cikin haka anka aiko cewa Razdan, babban Baturen lardi, zai zo shi buɗe ɗakin kafin damina. Uban ƙasa ya kira ni gaban fadawansa ya ce, "Gwani, za ka ba ni kunya?" Na ce, "Allah shi kiyaye, ranka shi daɗe. Kafin ruwan fari an rufe." Ka ji kalmomin. Su ne naka, ba ragi ba ƙari.

Ka san ka'idar aikinmu. Ana ɗora tubali ɗan kaɗan a bar bango shi sha rana, sannan a ƙara. Ƙafar bakan gizo kuwa ta fi kowane wuri son haƙuri: a kafa azara, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe har ciki kafin a ɗora ta gaba ta ranƙwafo a kanta. Zafin bazara yana ruɗi, domin yana ƙona fatar bango da wuri, ka taɓa ka ji kamar dutse, alhali cikinsa ɗanye ne. Sai ka naushe shi ka saurara. Busasshe yana amsawa, ɗanye yana haɗiye ƙarar. Ni na naushi nawa na ji ya haɗiye, na sa anka ci gaba.

Baffanka Isa yana tare da ni a aikin. Kai ka san shi da sanda, zaune a zaure yana tufka igiya. Ni na san shi yana hawa bango ba tsani, yana cafe tubali da hannu ɗaya yana waƙa. An gaya maka soro ne ya faɗo masa, kuma gaskiya ne, ba wani ɓoyayyen abu a ciki. Abin da nake so ka sani shi ne ta wace hanya ake isa can. Ranar da za mu haɗa baka ya same ni gefe.

Ya ce, "Yaya, ƙafar gabas ɗin nan ba ta yi ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To?"

Na ce, "Na riga na faɗa gaban manya."

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya ɗaure wandonsa ya hau. Bai yi mini gardama ba don ƙane ba ya yi wa wansa gardama, kamar yadda ni ban yi wa uban ƙasa ba, shi ma uban ƙasa bai yi wa Joji ba. Tun daga sama har ƙasa kowa ya ce to, kuma kowa a cikinmu da ya san ƙasa ya san ba ta bushe ba.

Munka rufe. Munka shimfiɗa azara da zana, munka zuba ƙasa, munka shafe da makuba, munka kafa indararo. Wallahi ɗakin ya yi kyau, har yau ban gina wanda ya fi shi kyan gani ba. Uban ƙasa ya ba ni riga, na sa ta na zaga kasuwa. Ruwan fari ya sauka, ɗaki na tsaye, na ce a raina ashe tsoro ne kawai. Ruwa na biyu ya zo mai ƙarfi, ƙasar rufi ta sha ta yi nauyi. Da hantsi, rana ta fito, Isa na ciki yana ƙarasa yaɓe, ni ina waje ina duban indararo. Na ji ƙara kamar an karya babban reshe. Ƙafar gabas ta durƙusa, sauran sunka bi ta. Da hannu munka tone shi, don muna tsoron sa galma. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafa ta haɗu, ƙugu bai haɗu ba.

Razdan bai ma zo ba. Ruwa ya yanke hanya, tun kafin ɗakin shi faɗi an ɗaga tafiyar, labari ne bai iso mu ba. Da Joji ya zo duba kango ya sa tafinta ya tambaye ni, "Me ya hana ka ce lokaci bai isa ba? Da ka faɗa da an jira." Na tsaya gabansa da rigar uban ƙasa a jikina. Ɗakin da zai yi jinkirin damina ɗaya sai da ya ci rani biyu a kai, domin sai da anka kwashe ƙasa, anka nemi sabuwar azara, anka kuma jira shekarar ofis ta zagayo kafin a ba da izini.

Baffanka bai taɓa yi mini gori ba. In baƙi sun tambaye shi sai ya ce, "Yaya ne ya hutar da ni hawan bango," ya yi dariya. Ni ne ba na iya dariyar. Kullum in zan fita sai na bi ta gabansa.

Ka tuna abin da anka aike ka ginawa. Ɗakin shari'a masu ƙafa ke shigarsa, kuma Allah ya sa ranar mutum ɗaya ne a ciki. Naka kuwa marasa lafiya za a shimfiɗe a ƙarƙashinsa, masu ciwon da ba su iya tashi, da mata masu goyo. Ba za su ji ƙara su ruga ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka tafi garin, ba na hana ka tafiya. Ka gai da uban ƙasa da ladabi, ka duba rijiya da inda za a haƙo ƙasa, ka zana ɗakin da toka a gaban masu iko. In lokaci ya ba ka, ka haƙa tushe ka tayar da bango gwargwadon abin da rana za ta iya busarwa, ko da iyakar ƙugu ne, ka lulluɓe kansa da ciyawa da zana kada ruwa shi zaizaye shi. Ka sallami mutane su yi shuka. Cikin damina ka bi sawun azararka da ƙafarka. In an kai hatsi gida, gulbi ya janye, ka tara jama'a ka yi ginin da za a riƙa nuna wa jikokinka. Wannan shi ne gaggawar gaskiya, ba ta da wata gajeriyar hanya.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba matuƙar maganarka tana rubuce a wurin Bature. Na san halin ɗan gidanmu. In ka ƙetare gulbi da alkawarin nan a wuyanka, uban ƙasa zai tambaye ka gaban fadawa, masinja zai riƙa zuwa daga birni, kuma wata rana za ka naushi bango ka ji ya haɗiye ƙara, ka ce a ci gaba. Dole a warware maganar nan tun kana cikin birni.

Yau na tafi gidan Wakili, na same shi a zaure. Ka san ni, ban saba zuwa ƙofar kowa da roƙo ba, a gidanmu ake zuwa. Na gaya masa duk abin da na rubuta maka. 

Ya ce, "Gwani, kai da kanka? Yaron ya faɗa gaban Bature, an rubuta, ni ma na yaba. In anka janye yanzu za a ce gidanku ya tsufa. Ka san akwai masu jira. Gobe wani zai ce shi zai rufe kafin ruwa, a miƙa masa aikin."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in an miƙa masa, ni zan je in gaya masa abin da na gaya wa nawa."

Ya ce, "To, ni ba zan kai wannan magana ba. Bakin da ya ɗaura shi ke kwancewa. Bature na zama ofis gobe da safe kafin shi fita rangadi. Yaron shi zo da kansa."

Ba zan ruɗe ka ba. Mai yiwuwa ne a karɓe aikin daga hannunka, ka kwance kayan da ka ɗaure, ka koma miƙa wa baffanninka tubali, abokanka su yi maka ba'a a kasuwa. Mai yiwuwa ne a daina kiran gidanmu na wani lokaci. Na auna wannan duka, ni da na fi kowa son a ambaci gidan Gwani Sambo da girma, na ga ya fi mini sauƙi.

Saboda haka gobe, in ka ɗaura wa jakuna kaya, kada ka nufi ƙofar gari. Ka biyo ta ofishin ayyuka. Ka durƙusa ka ce wa tafinta shi faɗa wa Bature haka: "Zaki, na yi gaggawar magana. Ƙasa ba za ta bushe kafin ruwa ba, mutane za su tafi gona, azara ba ta ƙetare gulbi ba. In an ba ni zuwa bayan girbi, zan gina ɗakin da ba zai faɗa wa kowa ba." Kada ka ƙawata, kada ka ƙara da in Allah ya so a inda ka san Allah ya riga ya nuna maka. In ya yi fushi ka bar shi shi yi, fushi ba ya karya ƙugu. In anka tambaye ka wa ya sa ka, ka ce ubanka ne, ka faɗi sunana da ƙarfi kowa shi ji.

Ba kai kaɗai za ka shiga ba. Zan riga ka isa. In ka shiga zan biyo bayanka, in durƙusa inda ka durƙusa, gaban Wakili da masinjoji da duk wanda ya zo kallo. Abin da za a faɗa maka a faɗa mana tare.

Uwarka tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa shan ruwa a hanya, zafin bana ba na wasa ba ne. Baffanninka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah shi ba ka ƙarfin bakin da ban samu ba ina shekarunka. Allah shi sa gabanka haske, shi tausasa maka zukatan manya, shi tsare ka a tudu da gulbi, shi tsare duk wanda zai kwanta ƙarƙashin abin da hannunka ya gina. Shi haɗa fuskokinmu da alheri, don darajar Annabin rahama. Amin.

Wassalamu. Daga ubanka, Gwani Buhari magini, da hannunsa.